Me ya sa cinikin Tekun Atlantika ya rikiɗe ya koma cinikin mutane?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum. Malamai, ina da tambaya kan fataucin da aka yi ta Tekun Atlantika daga ƙarni na 15 zuwa na 19. Littattafan makaranta suna zana shi da kusurwa uku: jirgi ya tashi daga Turai da kaya, ya sayi bayi a gaɓar Afirka, ya sauke su a nahiyar Amurka, ya ɗauko sukari ya koma gida. Abin da ban gane ba shi ne, me ya sa sai 'yan Afirka? Ai akwai mutanen da aka tarar a can, akwai kuma talakawan Turai masu neman aiki. Sannan zanen nan na kusurwa uku, haka abin yake da gaske? Da me ake biya, kuma yaya ake ƙulla cinikin a bakin teku? Ina son bayani dalla-dalla, ba a dunƙule ba.

Malamin_Tarihi:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ajiye zancen jirgi tukuna, ka fara shiga gandun rake, don a can amsar tambayarka ta farko take.

Da mutanen Fotugal suka fara gangarowa gaɓar Afirka, zinariya suke nema. Ginin da suka yi a Elmina, cikin Ghana ta yau, a 1482 don ita aka yi shi, har ma sukan sayo bayi daga yankin Binin su sayar wa fataken zinariya na Akan. An kai bayi Turai tun 1444, lokacin da aka raba mutum 235 a garin Lagos na Fotugal, amma wannan bai kai ya zama babbar harka ba. Rake ne ya canza lissafin. An gwada shi a tsibirin Madeira, sannan a São Tomé, inda aka fara haɗa babban gandu da bayi 'yan Afirka zalla. Daga nan tsarin ya tsallaka Pernambuco da Bahiya a Burazil, ya shiga Barbados a shekarun 1640, sai Jamaika da Ingila ta ƙwace a 1655, sai yankin Faransa na Saint-Domingue, wato Haiti ta yau.

Ga abin da ke cikin aikin. Rake na farko yakan ɗauki wata 14 zuwa 18 kafin ya nuna. A tsibiran Karebiyan da Ingila ke mulka ba garma ake sa wa ba, ramuka ake tonawa da fartanya, kowanne faɗin ƙafa huɗu zuwa biyar, a jere, sarkin gandu na biye da bulala. Da zarar an sare rake, dole a matse shi cikin kwana ɗaya ko biyu, in ba haka ba ruwan ya yi tsami ya ƙi daskarewa, an yi asarar wahalar shekara. Saboda haka injin matsa yana nan cikin gandun: ƙarafa uku a tsaye masu juyawa, shanu ko iska ko ruwa ke jan su. Mutum ɗaya na tura rake ta gaba, wani na maido shi ta baya. Akan ajiye adda kusa da injin, don in ƙarfe ya kama yatsun mai turawa, sai a sare hannun kafin ya janye mutumin gaba ɗaya. Ruwan yana gangarawa ɗakin dahuwa, inda aka jera tukwanen jan ƙarfe huɗu ko biyar, daga babba zuwa ƙarama. Ana zuba farar ƙasa don datti ya taso, ana kwashe kumfa, ana juyewa daga wannan tukunya zuwa waccan. A ƙaramar ta ƙarshe gwanin dahuwa yake sanin lokacin saukewa. In ya yi gaggawa sukari ba zai kama ba, in ya yi jinkiri ya ƙone. Abin da ke fita ɗanyen sukari ne mai duhu, kusan kamar mazarƙwaila. A zuba shi a gangar katako mai huda, baƙin ruwansa mai danƙo ya yi makonni yana tsatsa, shi kuma da shi ake dafa barasar da ake kira ram. Daga Janairu zuwa wajen Mayu ko Yuni, wuta ba ta mutuwa dare da rana.

To wa zai yi wannan aiki da son ransa? Mutanen asalin nahiyar an fara da su. Agana da ƙyanda da aikin tilas suka kusa ƙarar da su a tsibiran Karebiyan cikin shekaru ƙalilan, waɗanda suka rage a Burazil kuma sun san dajinsu, gudu ba ya yi musu wuya. Duk da haka har wajen 1570 su ne mafi yawa a gandayen Burazil, sai a farkon ƙarni na 17 'yan Afirka suka rinjaye su.

Turawan Ingila kuwa da 'yan wa'adi suka fara: talaka ya sa hannu zai yi aiki shekara huɗu zuwa bakwai a madadin kuɗin jirgi, in ya gama a sallame shi. Wannan ya ci tura ta fuskoki da dama. Wa'adi yana ƙarewa. Fili ya ƙare a ƙananan tsibirai, babu abin da za a ba wanda ya gama. Labarin wahalar ya koma gida, albashi kuma ya ɗan tashi a Ingila bayan 1660, masu zuwa suka ragu. Ga zazzaɓin shawara da ya ɓarke a Barbados a 1647, da zazzaɓin cizon sauro, suna kashe baƙin Turawa fiye da manyan da suka taso a Yammacin Afirka. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: Turawa sun riga sun daina ɗaukar junansu a matsayin waɗanda ya halatta a mallaka har abada. Za su iya rataye ɗan'uwansu a kan sata, amma ba za su sayar da shi da zuriyarsa ba. Ɗan Afirka suka ajiye a wajen wannan da'ira.

Daga nan doka ta bi bayan riba. Barbados ta yi dokar bayi a 1661. Bajiniya, yankin Ingila a Amurka ta Arewa, ta ce a 1662 ɗa matsayin uwarsa yake bi, wanda ya saɓa wa al'adar Ingila ta bin uba, kuma ma'anarsa ita ce ubangida na iya haihuwa da baiwarsa ya mallaki abin da aka haifa. A 1667 suka ƙara da cewa shiga Kiristanci ba ya 'yanta bawa. Faransa ta fitar da tata dokar a 1685. Wajen 1660 baƙaƙe sun kamo farare a yawa a Barbados, bayan shekara ashirin sun kusa ninka su. A can Ingila, sukarin da mutum ɗaya ke sha a shekara ya tashi daga wajen kilo 2 a 1700 zuwa wajen kilo 8 a 1800. Ruwa ba ya tsami banza.

Uwar_Ɗalibai:

Malam ya gama da rake, Allah ya ƙara sani. Ni zan taɓa zanen kusurwa ukun, don yana ɓatar da ɗalibai.

An loda mutum wajen miliyan 12.5 a jirage, wajen miliyan 10.7 suka sauka da rai. Kusan miliyan biyar daga cikinsu Burazil aka kai su, kuma yawancin jiragen da suka yi wannan jigila ba su ga Turai ba. Daga Rio de Janeiro ko Salvador suke tashi, su nufi Luanda ko Benguela a Angola, ko Wida a Jamhuriyar Benin ta yau, su juyo. Iska da igiyar ruwa na kudancin Atlantika ne suka tsara haka: tsakanin Angola da Rio tafiyar wajen kwana 35 zuwa 40 ce. Shi ya sa yankin Kongo da Angola kaɗai ya ba da kusan rabin duk waɗanda aka kwasa. Jiragen Ingila sun ɗauki fiye da miliyan uku, na Faransa fiye da miliyan ɗaya.

Ko a jiragen Liverpool da Bristol da Nantes, kusurwa ta uku ba ta cika yadda ake zanawa ba. Jirgin bayi ba don gangunan sukari aka ƙera shi ba, kuma sau da yawa yakan iso ba a lokacin kaka ba. Akwai wasu manyan jirage daban masu zirga-zirga tsakanin Landan da tsibiran, su ke ɗaukar mafi yawan sukarin. Kyaftin ɗin bayi kan koma da ɗan kaya kaɗan da takardun bashi. Mai gandu ba shi da tsabar kuɗi, dillalin da ya sayar da bayin sai ya ba da takarda a kan wani gidan kasuwanci na Landan, za a biya bayan wata shida ko shekara ko fiye. In farashin sukari ya faɗi, ko guguwa ta kwantar da rake, takarda ta dawo ba a biya ba, mai jirgi ya karye. Don haka ba kasafai mutum ɗaya ke mallakar tafiya ba, hannun jari ake rabawa tsakanin mutane da yawa. Daga fita zuwa dawowa shekara guda ce ko fiye.

Batun abin da ake biya: zancen cewa da madubi da tarkacen duwatsun wuya aka sayi mutane ba gaskiya ba ne. Tufafi ne kan gaba, wajen rabin darajar kayan, kuma mafi tsada daga Indiya ake kawo su, daga Gujarat da gaɓar Koromandel. Sai wuri daga tsibiran Maldibs, wanda ke bi ta Amsterdam da Landan kafin ya iso. Sai sandunan ƙarfe daga Suwidin, mundayen tagulla, tasoshi, bindigogin Birmingham, albarushi, barasa, taba. Kowace gaɓa da abin da take so. Kyaftin da ya kawo zanen da aka daina yayi, ko ƙarfen da bai kai awo ba, zai yi watanni a tsaye ba wanda ya kula shi.

Ba a sayen mutum da kaya iri ɗaya. Haɗi ake yi: zane kaza, bindiga kaza, albarushi kaza, a lissafa su da ma'aunin wurin. A Senegambiya da Neja Delta da sandar ƙarfe ake ƙirga, a Gaɓar Zinariya (gaɓar Ghana ta yau) da Wida da oza, wato ma'aunin zinariya. A Wida wuri 40 shi ne tsinke ɗaya, 200 ƙulli na gaba, 4,000 babban ƙulli, huɗu irinsa, wato 16,000, su ne oza ɗaya ta ciniki a ƙarshen ƙarni na 18. Dabarar kyaftin ita ce ya cusa kayan da ya saya da araha a Turai amma ake ƙirga su da tsada a gaɓa. Dillalin Afirka ya san wannan sarai, shi ma yana matsawa a ba shi masu tsadar.

Misali mai kyau shi ne tabar Bahiya. Fotugal ta hana kai mai daraja ta uku Lisbon, sai manoma suka riƙa shafa mata baƙin ruwan sukari don kada ta bushe. Ita ce ta zama abin so a Wida, har Turawan Ingila da Faransa na sayenta daga hannun 'yan Burazil don su cika haɗinsu. Holan, da ta ƙwace Elmina a 1637, tana karɓar kashi goma cikin ɗari na tabar kafin ta bar jirgi ya wuce.

A ƙasa kuwa iko na masu ƙasa ne. A Wida, wadda Sarki Agaja na Dahomey ya ci a 1727, kyaftin zai fara biyan kuɗin fito, ya sayi bayin sarki tukuna a farashin da ya fi na kasuwa, sannan a buɗe masa ciniki. Likitan jirgi na duba haƙora da ido da gaɓoɓi, wanda aka karɓa a yi masa lamba da ƙarfe mai zafi. Babu tashar jirgi a wurin, igiyar ruwa na da ƙarfi, sai an yi hayar masu kwalekwale daga Gaɓar Zinariya, kuma kifewa ba baƙon abu ba ne. A Bonny da Kalaba babu ganuwar Turawa ko ɗaya. Jirgi na tsayawa cikin kogi, a ba 'yan kasuwa kaya bashi, su shiga ciki da manyan kwalekwale zuwa kasuwannin da 'yan Aro, fataken ƙasar Ibo, ke kawo mutane. A Kalaba akan bar 'yan'uwa a jirgi a matsayin jingina, ƙungiyar asiri ta manyan gari, Ekpe, kuma ita ke tilasta biyan bashi. Rikici mafi yawa daga nan yake tashi: kyaftin ya gaji da jira ya ɗaga da mutanen jingina, jirgin da ya zo bayansa ya biya da ransa ko da kayansa.

Gwanin_Lissafi:

Malama ta yi daidai. Zan ƙara da abin da ke faruwa cikin jirgin, don nan ne lissafin 'yan kasuwa ya fi muni.

Babban abin da ke kashe mutane lokaci ne. Cika jirgi a gaɓa yakan ci wata uku zuwa shida, wani lokaci fiye. Wanda aka fara saye yana kulle a ƙasa duk tsawon wannan jira, kafin a fara tsallakawar da ke ɗaukar wajen wata biyu daga Yammacin Afirka zuwa Karebiyan. Shi ya sa farashi ke tashi in jirgi ya kusa cika: kyaftin ya ƙagu ya tashi kafin cuta ta shiga, dillalai kuma sun sani.

Ɗauki misali don lissafi kawai: bayi 400, ma'aikata 35, kwana 60. In ka ba kowa lita ɗaya a rana, lita 26,100 ke nan, ban da na dahuwa. Lita ɗaya kuma ba ta isar mutumin da ke kwance cikin zafin ƙasan jirgi yana zufa. Atuni ne kan gaba wajen kisa, kuma atuni da ƙarancin ruwa tare suke aiki. Sai agana, sai ciwon dasashi na rashin ɗanyen abinci. In iska ta ɗauke a tsakiyar teku aka ƙara mako uku, sai a rage rabon ruwa, mutuwa ta ninka. Abinci sau biyu ne a rana: shinkafa in daga Senegambiya ko Saliyo aka taso, masara daga Gaɓar Zinariya, doya daga Bonny, da wake da aka kawo daga Turai. Bayanan 'yan kasuwar lokacin sun ce jirgi mai mutum 500 na buƙatar doya fiye da 100,000, don haka ake auna isowa Bonny da lokacin sabuwar doya.

Kafinta na gina kanta a tsakanin daɓe biyu don a kwantar da mutane hawa biyu, ba wanda ke iya miƙewa zaune sosai. Maza a gaba, an haɗa su biyu-biyu da mari a ƙafa, mata da yara a baya. A saman jirgi akwai katangar katako da ta raba shi biyu, da ramukan bindiga, a gefe kuma raga don tare masu faɗawa ruwa. Ma'aikatan jirgin bayi sun kusa ninka na jirgin kaya mai girmansa, saboda tsaro. Duk da haka kusan jirgi ɗaya cikin goma ya ga tawaye, yawanci tun ana ganin gaɓa.

Mutuwa a hanya ta haura kashi 20 cikin ɗari a farkon zamanin, ta sauko ƙasa da kashi 10 a jiragen Ingila a ƙarshen ƙarni na 18. Dokar Ingila ta 1788 ta ƙayyade mutum biyar ga kowane tan uku na girman jirgi har zuwa tan 201, ta kuma sa ladan fam 100 ga kyaftin da fam 50 ga likita in mutuwa ba ta wuce biyu cikin ɗari ba. Jirgin Brookes, wanda zanen yadda ake jera bayi a cikinsa ya yi suna, dokar ta yarje masa 454, kowane namiji da wurin ƙafa 6 a tsaye, ƙafa 1 da inci 4 a faɗi. Kafin dokar ya taɓa ɗaukar 609.

Inshora ma tana da nata sharrin. Ba ta biyan wanda cuta ta kashe, amma tana biyan abin da aka jefa ruwa don ceton jirgi. A 1781 jirgin Zong, da ya taso da mutum 442, ya wuce Jamaika bisa kuskuren matuƙa, ma'aikata suka jefa fiye da mutum 130 a teku, masu jirgin suka nemi fam 30 a kan kowane kai. Shari'ar da aka yi a Landan a 1783 ta kuɗin inshora ce. Ba a tuhumi kowa da kisan kai ba.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai, malamai. Saura abu ɗaya. In Burazil da tsibirai ne suka kwashe mafi yawa, nawa aka kai ƙasar Amurka kanta? Kuma da Ingila ta hana cinikin a 1807, ya tsaya ke nan?

Malamin_Tarihi:

Waɗanda aka sauke kai tsaye a yankin da ya zama ƙasar Amurka ba su kai 400,000 ba. Amma a 1790 bayi wajen 700,000 ne a can, a 1860 sun kusa miliyan huɗu. Kwatanta da Jamaika: an sauke wajen miliyan ɗaya, an wuce da wasu zuwa yankunan Sifaniya, amma da aka zo 'yantawa a 1834 ba su fi 311,000 da 'yan kai ba. Bambancin rake ne da taba da auduga. A gandun rake mutuwa ta fi haihuwa yawa, kashi biyu cikin uku na waɗanda ake kawowa maza ne, sababbin zuwa da yawa ba sa wuce shekara uku, masu gandu kuma sun lissafa cewa sayen sabo ya fi renon jariri araha. A Bajiniya da makwabtanta cucanawa ne suka yi ta ƙaruwa. Bayan injin gurzar auduga na 1793, sai cinikin ya koma na cikin gida, aka kwashe wajen mutum miliyan ɗaya daga tsofaffin jihohi zuwa gonakin auduga na kudu.

Hanin 1807 bai tsayar da komai nan take ba. Wajen mutum miliyan uku aka ƙara kwasa bayansa, galibi zuwa Burazil da Kuba, wadda ta gaji kasuwar sukari bayan tawayen Saint-Domingue na 1791. A wannan zangon ne yaƙe-yaƙen da suka biyo jihadin 1804 da rushewar Oyo suka tura Hausawa da Nufawa da Yarabawa zuwa Legas da Porto-Novo da Wida. Hausawa ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807 a Salvador, da su aka yi na 1809 da 1814, kafin babban tawayen Musulmi na Janairun 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa.

Uwar_Ɗalibai:

Ƙarin bayani kan dalilin da sintirin sojan ruwan Ingila na kama jiragen bayi bayan hanin 1807 ya daɗe bai yi tasiri ba. Yarjejeniyoyin farko sun ba da damar kama jirgi ne kawai in an same shi da bayi a ciki. Sai 'yan fasa-ƙwauri suka canza salo: a tara mutane a rumfuna a bakin teku, jirgi mai sauri ya zo fanko, a loda shi cikin 'yan sa'o'i da dare, gari na wayewa ya ɓace. Jiran watanni ya koma kan tudu, mutuwar ma ta koma can. Sai da aka ƙara sharaɗin kayan aiki, da Holan a 1822, da Sifaniya a 1835, sannan aka iya kama jirgi fanko in an ga gangunan ruwa da suka wuce buƙatar ma'aikatansa, ko mari, ko katakon shimfiɗa kanta, ko tukunyar da ta fi ƙarfin mutanen da ke ciki. Jiragen da aka kama galibi a kai su kotu a Freetown ta Saliyo. Duk da haka Burazil ba ta rufe ƙofa da gaske ba sai da dokarta ta 1850, jiragen Kuba kuma sun ci gaba har cikin shekarun 1860.